Jif Ɗin Ofishinmu a Fadamar Durun

A shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da sai an bi layi ake samun sabulu da madarar gwangwani, ina aikin malamin gona a Gwarzo. Ban daɗe da fitowa daga makarantar koyon aikin gona ba, kuma ina ji da kaina ƙwarai. An ce ofishinmu ya taɓa mallakar motoci biyar. Sa'ad da na zo, huɗu suna jere a bayan ofis a kan duwatsu, babu tayoyi, kajin maigadi suna ƙwai a ƙarƙashin kujerunsu. Guda ɗaya ce ta rage tana motsi, wata tsohuwar jif koriya mai rufin tamfol, irin wadda ake shiga ƙauyuka da ita. Abin da ya sa ta rage kuwa, direbanta ne.

Dattijo ne mutumin Unguwar Tudu, siriri, mai ɗan farin gemu. Kowa a ofis Baba yake ce masa, har shugabanmu. Kullum kafin ya tayar da motar sai ya buɗe gabanta ya duba ruwa da baƙin mai, ya zagaya ya bubbuga tayoyi da dunƙulen hannu. Idan wani abu ya lalace ba ya ɓata lokacinsa wajen neman a sayo, domin ya san amsar da za a ba shi. Sai ya ɗauki sifana ya nufi matattun nan huɗu ya kwanto abin da yake so.

Shi ya koya mini tuƙi. Ni na roƙe shi, ya yi ta kai ni filin ƙwallon firamare bayan an tashi daga aiki, ina zagaye yana gyara mini. A doka, ma'aikaci irina ba shi da izinin taɓa sitiyarin motar gwamnati, mu duka mun san haka. Amma idan mun yi nisa da gari, hanya ta miƙe babu kowa, yakan tsaya ya ce, "To Malam, zo ka ɗan motsa hannunka."

Ranar da abin ya faru tsakiyar marka ce. Kwana uku ana ruwa, ran nan ne rana ta fito. Mun yi sammako zuwa Durun duba wata gonar gwaji, bayan motar cike da gwangwanayen maganin feshi da injinan feshi na goyo. Bayan azahar ana jiranmu a Getso, inda shugabanmu zai kawo wasu baƙi daga Kano su ga yadda nake koya wa manoma feshin wake. Wannan ne karo na farko da manya za su gan ni ina aiki. Har sabuwar riga na sa.

Mun makara a Durun, domin mai gonar ya riƙe mu da fura da dogon bayani. Da muka fito na ce wa Baba ya ba ni in tuƙa. Ya dube ni, ya dubi sama, sa'an nan ya miƙo mini makulli.

Ba mu yi nisa ba muka iso mararraba. Hanyar dama ita ce wadda muka biyo da safe, mai komawa titi, doguwa ce. Ta hagu ta ratsa fadama, mun taɓa bin ta da rani, na kuma san ta rage tafiya da yawa. Na karkata sitiyari hagu.

Baba ya ce, "Malam, wannan hanyar rani ce."

Na ce, "Ga sawun amalanke nan, Baba. Yau ɗin nan aka bi ta."

"Amalanke ba nauyinmu ɗaya ba. Ka ga can inda ciyawa ta yi kore shar, ta kwanta? Ruwa ne a ƙarƙashi."

Na ce ai motar an yi ta ne don irin wannan hanya, na kuma sa hannu na ja ƙaramar giyar nan da direbobi ke kira ogzilari, wadda ke sa tayoyi huɗu su ja gaba ɗaya. Shi da kansa ya nuna mini ita.

Ya ce, "To tsaya in sauka in taka da ƙafata tukuna."

Ban tsaya ba. Wannan ita ce gaskiyar magana. Na ji shi sarai, na kuma ƙara taka totur.

Da farko motar ta tafi kamar abin arziki, tana watsa ruwa dama da hagu. Sai na ji gabanta ya yi nauyi, sitiyari ya saki a hannuna kamar ba a haɗe yake da komai ba. Ta ja, ta ja, ta tsaya. Na danna totur har ƙasa. Tayoyi suka yi ta juyawa suna feso taɓo har kan tamfol.

"Ɗaga ƙafarka! Malam, ɗaga ƙafarka!"

Maimakon haka na sa giyar baya, na sake dannawa, na mayar gaba, na sake mayarwa baya, ƙafata rabi a kan kuloci. Wani ƙauri ya taso ya cika motar. Baba ya miƙo hannu ta gabana ya murɗe makulli. Inji ya mutu. Sai kukan kwaɗi da ƙarar ruwa yana tafasa a jikin salansa.

Ya leƙa ta taga. Can nesa mutane sun fara fitowa daga gonakin shinkafa, sun ji kukan inji. Ya ce da ni a hankali, "Matso nan. Kada ka sauka ta wannan ƙofa." Ya fita ta ƙofarsa, ya nutse har gwiwa, ya zagayo ta baya ya tsaya a ƙofar direba. Ni kuma na ja jiki na koma kujerarsa. Da mutanen suka iso, abin da suka gani shi ne dattijo a gefen sitiyari da malamin gona a kujerar mai zaman banza da sabuwar rigarsa.

Bayan sallama da jaje, wani mai baki a cikinsu ya ce, "Haba Baba, da gemunka da komai ka shigo nan da marka? Ko jaki ba ya yarda ya bi nan yanzu." Aka yi dariya. Baba ya ce, "Tsautsayi ne," ya tuɓe rigarsa ya rataye a madubi.

Motar ta zauna ne daram a kan cikinta. Tayoyin baya sun nutse har ba a ganin ƙarfensu, na gaba sun wuce rabi. Aka fara da turi, mutum goma sha wani abu, ko gezau ba ta yi ba. Baba ya hana, ya ce a sauke kaya tukuna. Muka yi layi ana miƙa gwangwanaye hannu da hannu zuwa tudu. Sa'an nan ya ɗauko shebur, manoma suka sa fartanyoyi, aka shiga haƙa a gefen tayoyi. Duk ramin da aka haƙa, kafin a juya ruwa ya cika shi. Ya kafa jak a kan wani guntun katako, yana murɗawa katakon yana nutsewa, motar ba ta ɗaga ba ko kaɗan.

Ni ina tsaye ina duba agogo. Da azahar ta wuce ya ce, "Malam, ka nemi keke ka je ka gaya wa Yallaɓai. Nan ba aikin yau ba ne."

Aka ara mini keke. Ban kai Getso ba sai da baƙi suka gaji da jira suka koma. Na iske shugabanmu a ofis da yamma, ransa a ɓace. Ya dubi wandona da ya yi dama-dama da laka ya ce, "Ina motar?"

Na ce, "Yallaɓai, mun maƙale a fadama, bayan Durun."

"Fadama? Da wannan ruwan? Me ya kai ku?"

Na ce muna sauri ne.

Ya girgiza kai ya ce, "Baba ya tsufa. Na daɗe ina lura." Ya tsaya kamar yana jiran in ce wani abu. Na sunkuyar da kai. Ya ce in tafi in tabbatar an fito da ita gobe.

Da na koma da safe na tarar an sake yin ruwa, duk haƙan jiya ya shafe. A cikin motar Baba ya kwana, fuskarsa duk cizon sauro. Amma ya riga ya tsara aikinsa. Ya je wurin mai unguwa an ba shi aron azara guda shida daga wani ɗaki da ya rushe. Ya sa an haƙa doguwar kwata daga bayan motar zuwa gangare domin ruwan ya sami hanyar wucewa. An kuma kawo duwatsun marmara a amalanke an zube a bakin tudu.

Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Aka gicciya azara biyu a kan taɓo, aka kafa jak a kansu, wannan karon bai nutse ba. Baba ya kwanta rub da ciki a cikin laka yana murɗawa, taya tana fitowa kaɗan-kaɗan da wata irin ƙara kamar ana zare ƙafa daga kunu. Idan ta ɗaga, sai a cusa duwatsu a ramin, a daddanna da ƙafa, a sauke, a koma ta gaba. Taya huɗu, kowace sau biyu. A tsakanin haka ya shiga ƙarƙashin motar da shebur yana yanke lakar da ta riƙe cikinta. Ni ma na shiga, na ɗauki duwatsu har hannuna ya fashe. Ina ji a raina idan na wahala sosai wani abu zai ragu. Bai ragu ba.

Da ta hau kan duwatsu, aka shimfiɗa sauran azarar a bayan tayoyi. Baba ya rage wa tayoyin iska, ya wanke hannu, ya shiga ya tayar. Inji ya tashi lafiya. Ya sa giyar baya, ya ɗaga ƙafa a hankali. Inji ya yi kuka, motar ba ta motsa ba. Ya sake gwadawa sau ɗaya, ya kashe. Bai dube ni ba. Ya ce, "Kuloci ya ƙone."

Akwai wani manomi a wurin, dogo, fari, asalinsu makiyaya ne amma sun daɗe da zama suna noma. Tun jiya yana aiki tare da mu ba ya yawan magana. Shi ya ce zai kawo shanun huɗarsa, ya kuma yi wa ƙaninsa magana ya kawo nasa. Bijimai huɗu, biyu-biyu a karkiya. Aka ɗaura sarƙar garma a ƙarfen bayan motar, aka ƙara da igiya mai kauri domin shanun su tsaya a kan ƙasa mai tauri. Mutane suka jeru a gaba za su tura. Baba ya riƙe sitiyari, kansa a waje yana kallon baya.

Ja na farko igiya ta tsinke, mutum uku suka faɗa cikin taɓo. Aka ninka ta biyu. Mai shanun ya zagaya yana shafa wuyan bijimansa yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, sa'an nan ya daka tsawa. Suka sunkuyar da kai, sarƙa ta miƙe, azara ta yi ƙara, motar ta yi wani girgiza ta taho baya, taku ɗaya, taku biyu, sai ga ta tana gangarowa kan tudu ruwan laka yana zuba daga ƙarƙashinta. Aka yi ta kabbara. La'asar ta yi a lokacin, muka yi alwala a kwatar da aka haƙa muka yi salla a gefen motar. Mai shanun ya ƙi karɓar komai, ya ce a dai daina bin nan da damina. Da Baba yake, ba da ni ba.

Wata babbar mota ce ta jawo mu zuwa Gwarzo washegari. Baba ya duba matattun nan huɗu, babu kulocin da ya rage, ya riga ya cinye su a shekarun baya. Aka rubuta Kano, aka ce babu. Bayan wata biyu aka kwance tayoyin jif ɗin aka sa a sito, aka ɗora ta a kan duwatsu a jerin 'yan uwanta.

Kafin nan an ba Baba takardar tuhuma, a kan ya bayyana dalilin da ya sa ya kai motar gwamnati inda ta lalace. Ba shi da boko sosai, ajami yake rubutawa. Ya same ni a teburina bayan kowa ya fita salla, ya ajiye takardar ya ce in rubuta masa amsa.

Na ce, "Baba, me zan rubuta?"

"Ka rubuta ni na tuƙa, na ga kamar hanya za ta biyu, ba ta biyu ba. Ina neman afuwa."

"Baba, ai..."

"Rubuta, Malam. Kai ko tabbatar maka da aiki ba a yi ba. Idan aka ji ka taɓa sitiyari, ranar za ka tafi, ni ma kuma ba zan tsira ba tunda ni na ba ka. Ni gargaɗi kawai za a yi mini."

Na rubuta. Da hannuna, da kyakkyawan Turancin da nake taƙama da shi. Ya dangwala yatsa. Na riƙe magana ɗaya daga cikin maganganunsa na yi ta maimaita wa kaina: shi ma ba zai tsira ba, saboda haka shirun ya fi mana alheri mu biyu.

Ba gargaɗi aka yi masa ba. Kafin kaka ta wuce aka zo da maganar rage ma'aikata, aka ce kowane ofis ya miƙa sunaye. Direba ne babu mota, ga takardar tuhuma sabuwa a fayil ɗinsa. Sunansa ne na farko. Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishin shugabanmu a makon. Na farko na tarar yana da baƙo, na ji daɗin haka. Na biyu babu kowa, na shiga, na tambaye shi maganar irin gyaɗa na fito.

Ranar da Baba zai tafi ya bi tebur-tebur yana sallama. Da ya zo kaina ya ce, "Malam, a riƙa haƙuri da totur." Ya yi murmushi. Na raka shi bakin ƙofa, ya hau kekensa ya tafi.

Daga baya aka mayar da ni Kabo. Na yi aure, na sami ƙarin girma, na sayi motar kaina. Unguwar Tudu ba nisa gare ta ba, aiki ma yakan kai ni kusa, amma kullum sai in sami wanda zan tura.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, gari ya ɗauki wa'azi, aka kakkafa kwamitocin sulhu a unguwanni. Aka sa ni a namu saboda na san harkar gonaki. Wata rana ana rikicin iyakar gona tsakanin mutum biyu, akwai wani dattijo da kowa ya san ya san inda iyakar take, amma ya ƙi magana don kada ya ɓata da kowa. Na buɗe baki na yi masa nasiha mai zafi a kan nauyin ɓoye shaida. Ina cikin magana sai Baba ya faɗo mini a rai. Na ƙarasa da ƙyar. A ƙarshen makon na tafi Unguwar Tudu.

Na same shi a ƙofar gida a kan buzu, yana tufkar igiyar rama da lalube. Idanunsa sun yi fari. Na yi sallama na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa a wajenmu, sa'an nan ya karkata kai ya ce, "Wannan murya kamar ta malamin gona."

Na ce ni ne. Ya yi ta murna, ya sa aka kawo ruwa da gyaɗa. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na ce, "Baba, na zo neman gafara ne. Na cuce ka, na yi shiru aka kore ka a kan laifina."

Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Ai ni na ce ka rubuta."

"Ka ce in rubuta ne kana zaton gargaɗi za a yi. Da aka wuce gargaɗi, ya kamata in yi magana."

Ya ce, "E, ya kamata. Na ɗan saurare ka a wancan makon, ban ɓoye maka ba. Amma na yafe tun tuni, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Aikin ma da ba a kore ni ba, ina motar da zan tuƙa?" Ya shafa gemu. "Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Labari ya riga ni isowa garin nan. Duk tsawon aikina ban taɓa kafa mota ba, ko sau ɗaya. Amma a nan majalisar, abokaina har suna suka sa mini da fadamar nan. Idan ana gardama na sa baki, sai a ce wanda bai san ruwa da tudu ba ya yi shiru. Wasa suke yi. Ni ma ina dariya."

Na ce ya ba ni izini in faɗi gaskiya a gabansu.

Ya ce, "To."

Bayan la'asar na riƙe hannunsa muka je gindin tsamiyar da suke zama kusa da masallaci. Mutum bakwai ko takwas ne a wurin. Na tsaya na faɗi komai: ni na karɓi makulli, ni na juya hagu, ya ce in tsaya ban tsaya ba, ni na ƙona kuloci. Suka saurare ni cikin ladabi. Da na gama sai na lura yawancinsu ba su wuce sa'o'ina ba, wasu ma ƙannena ne. Ɗaya ya tambaya wace mota ake nufi. Baba ya kira sunayen tsofaffin abokansa uku, ɗaya bayan ɗaya, yana juya kai ko zai ji amsa. Aka ce masa biyu ai sun rasu, ya sani, ɗayan kuma yana kwance a gidan ɗansa a Kano ba ya gane kowa.

Ya ce, "Haka ne, haka ne." Sa'an nan ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "To, ku dai kun ji."

Suka ce sun ji, Allah ya saka da alheri, aka shafa fatiha. Wani ya tambaye ni ko akwai labarin taki bana, hira ta koma can. Na amsa abin da na sani. Da na tashi tafiya Baba ya sa aka ɗauro mini wake a ƙullin zane, na ƙi karɓa, ya ce kada in sa ya yi fushi. Na karɓa.

Na sake zuwa sau biyu a shekarar. Zuwan da ya biyo bayansu na yi shi ne don ta'aziyyarsa.